Mazauna Cikin Baba

Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata, shi ya sa kuma bakina ya yi tsawo a gidanmu. Abin da 'yan'uwana ba za su iya faɗa masa ba ni sai in faɗa, ya yi dariya ya ce wa ya isa ya ja da uwarsa. Ba don wannan gatan ba, ban san wace 'ya ce za ta zauna gaban dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya tana tambayarsa sau nawa ya zaga bayi tun safe ba. Ni na yi, har kusan wata uku.

Baba manomin shinkafa ne a Gulma. Da kakar waccan shekarar ana cikin yanka, lauje ya zame ya sare shi a ƙwauri. Ya yagi tsumma ya ɗaure ya koma cikin ruwan fadama, don a ganinsa ciwon da bai hana mutum tsayuwa ba bai kai a kira shi ciwo ba. Kwana biyar ƙafa ta kumbura ta yi suntum. Aka kai shi asibiti a Argungu, aka yi masa allurai, aka haɗa shi da kafso na mako biyu. Ƙafa ta warke sarai, muka yi ta godiya ga Allah. Ba a yi kwana goma ba gudawa ta kama shi.

Ba irin wadda muka sani ba ce, ta kwana biyu a sha ruwan gishiri da sukari a miƙe. Wannan ruwa ce zalla, da murɗar ciki da zazzaɓi, da wani wari da ban taɓa jin irinsa ba. Muka ɗora wa ruwan rijiya laifi, muka ɗora wa kifi, Inna mahaifiyata ma har miyar wata maƙwabciya ta zarga. Aka yi masa ƙarin ruwa, abin ya lafa. Bayan mako biyu ya dawo, ya fi na farko.

A garinmu ba a zuwa dubiya hannu sake, ba a kuma tashi ba a ba da magani ba. Wanda ya zo da lemo zai laluba aljihu ya fito da ragowar ƙwayoyin da aka rubuta wa matarsa bara. Wani ya kawo jiƙo a gora, wani ya biya kemis ya sayo kafso ja da baƙi guda huɗu a ƙulle cikin takarda. Mara lafiya kuma ba ya cewa a'a. Sai ya karɓa da hannu biyu, ya haɗiya a gaban mai shi, don a ga an ɗauki zumuncinsa da daraja. Baba mutum ne mai jama'a, tun daga masu injin ban ruwa har almajiran liman kowa nasa ne. Ka lissafa abin da yake haɗiya a wuni.

A cikin masu ba da magani babu kamar Gwaggo, yayar Baba. Mahaifiyarsu ta rasu ba a daɗe da yaye shi ba, Gwaggo tana 'yar shekara goma sha biyu ta ɗaure shi a baya, da shi take zuwa korar tsuntsaye a gona, da shi take daka. Har ya yi furfura Auta take ce masa, shi kuma in ta shigo sai ya gyara zama. 'Ya'yanta biyu na fari zawo ne ya ɗauke su, tun kafin a san kemis a garin. Da ya kama na ukun, wani ya kawo mata kafso daga birni, ta ɓare ta zuba a kunu, yaron ya tashi. Tun daga ranar babu mai iya gaya mata akwai ciwon cikin da ya fi ƙarfin kafso. Kullum da 'yan guda a ƙulle a gefen zanenta, kusa da goro.

Da ciwon ya dawo karo na biyu na je na tarar da Baba idanu sun faɗa, hular kansa ta yi masa yawa. Ban tsaya shawara da kowa ba. Na sa aka ɗauko mota muka taho da shi Birnin Kebbi, inda nake aure a Badariya nake kuma koyar da lissafi a makarantar 'yan mata.

Likitar da ta gan mu 'yar ƙarama ce, da ƙyar kanta ya wuce kafaɗata, har na raina ta a zuciyata. Ba ta yi gaggawar rubuta komai ba. Ta ce in faɗa mata duk abin da ya sha tun daga ranar da lauje ya sare shi. Na zazzage ledar da na kwaso daga ƙarƙashin katifarsa. Ta jera su a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, ta ware wasu gefe, waɗanda aka ware suka fi rabi. Ta ce a kai bayan gidansa ɗakin gwaji, sakamako sai bayan 'yan kwanaki, a kwantar da shi kafin nan.

Ranar da sakamako ya fito ta jawo kujera ta zauna kusa da gadon.

"Baba, cikin kowane mutum gari ne," in ji ta. "Akwai halittu ƙanana a hanjinka, ido ba ya ganinsu, sun fi mutanen duniya yawa. Tun kana jariri suke nan. Su suke taya ka narka abinci, su suke tare wuri kada mugu ya samu wurin zama."

Baba ya dube ta, ya dubi cikinsa.

"Cikin nawa wanga?"

"Naka, da nawa, da na kowa. Maganin da ya warkar da ƙafarka ya yi aikinsa, dole ne a ba ka shi. Amma bai san na gida da baƙo ba, ya kashe har da mazauna. Sai wata ƙwayar cuta guda, mai taurin rai, ta samu fili ta bazu tana zuba dafi. Ita ce gwaji ya nuna. Duk kafson da ka ƙara sha, na kirkin yake ƙara kashewa, ita kuma yana share mata wuri."

Ta ce akwai magani na daban da ke kama ita wannan ɗin, za a sha kwana goma cif ba tsallake. Ta ce ƙwayar tana iya dunƙulewa ta kwanta a bango ko a buta ko a hannu tsawon watanni ba ta mutu ba, don haka wanke hannu sai da sabulu da ruwa, bayi kuma a riƙa wanke shi da bilic. Sannan ta juyo gare ni ta rage murya. Ta ce ciwon yana da halin dawowa, kuma kowace dawowa tana cin jiki fiye da ta baya. Mai shekarun Baba ba zai ɗauki da yawa ba. Kada ƙwaya ko ɗaya ta ƙara shiga bakinsa sai wadda ta rubuta.

Na tambaye ta in ya yi ta dawowa fa. Ta ce akwai dabaru, har ma a wasu asibitocin duniya sukan ɗebo mazauna daga bayan gidan mai lafiya, a tace, a sa wa mara lafiya a hanji su hayayyafa. Na toshe baki. Baba ya yi a'uziyya da ƙarfi har na gadon kusa ya waiwayo. Can kuma ya kama shafa gemu.

"To ai dashe na," ya ce a hankali. "Iri a ka ɗebowa inda yay yi kyau a kai inda ƙasa ta mutu. Allah mai iko."

Ni dai ban gamsu ba, don ba na yarda da lissafin da ban ga aikinsa ba. Da na je ɗakin gwaji karɓar wata takarda, na ce wa matar da ke wurin ko gaskiya ne abin da likita ta faɗa. Ta yi murmushi, ta ɗauko wani ɗan gilashi da suke koyar da ɗalibai da shi, na cikin mai lafiya, an rina shi da launi. Ta sa a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu ta ce in rufe ido ɗaya.

Da fari hazo kawai na gani. Ta murɗa wani abu, sai ga su. Wasu dogaye, wasu gajeru, wasu 'yan dunƙule a jere kamar tsakiya, wasu biyu-biyu, shuɗi da ja, sun cika wurin maƙil ba masaka tsinke. Duk wannan a ɗigon da bai kai kan allura ba. Shekara arba'in ina yawo da wannan taron a cikina, ina ci suna ci, ina azumi suna yi tare da ni, ban taɓa yi musu sannu ba. A makaranta an koya mana ƙwayoyin nan abokan gaba ne, a kashe su kawai. Ban san lokacin da na ce subhanallahi ba, na kuma maimaita. Matar ta ce in na gama akwai masu jira a waje.

Magani ya karɓi Baba. Kwana huɗu gudawa ta tsaya, ya nemi tuwo. Daga nan ya tayar da rigima sai an mai da shi Gulma, wai lokacin zuba irin noman rani ya yi, yaran nan ba su san kan gado ba. Na ɗauki hutu a makaranta na bi shi da sauran maganin.

Na zama dogari a ƙofar ɗakinsa. Na ajiye kwando a bakin zaure, duk wanda ya zo da magani in karɓa in yi godiya in jefa a ciki. Na sa buta da sabulu, mai shiga ya wanke hannu, mai fita ya wanke. Maganganu na sha su. Aka ce boko ya hau mini kai, aka ce na mai da gidan ubana asibiti. Wani tsohon abokin Baba ya ce shekara sittin suna cin tuwo kwano ɗaya, yau ɗiyar cikinsa ce za ta sa shi wanka kafin gaisuwa. Na ce masa hannu kawai na ce, amma in yana son wankan akwai ruwa. Ya yi fushi ya tafi, da la'asar ya dawo ya wanke.

Gwaggo ce kaɗai ba ta ja da ni ba. Na yi mata bayani, ta ce to. Kullum da hantsi sai ga ta da kunun tsamiya a samira, mai zafi, na gero da ta surfa da hannunta duk da tsufa. Ta wanke hannu ba musu, ta zauna ta zuba wa Auta a kofi, ba ta tashi sai ya shanye. Har nakan ba mutane misali da ita.

Kwana goma suka cika, magani ya ƙare. Muka ƙara mako guda lafiya lau, Baba har ya dogara sanda ya je ya ga irinsa ya tsiro. Rana ta tara da ƙarewar maganin, da safe, na ji ƙarar buta sau uku kafin rana ta ɗaga. Na tsaya a tsakar gida. Na tuna muryar likita lokacin da ta rage ta. Na bi komai a raina, bayi, buta, hannuwa, kwando, ban ga inda na yi sake ba.

Gwaggo ta zo da kunu kamar kullum. Baba ya kurɓa sau biyu ya kasa, ta yi lallashi har ta gaji, ta ce za ta je ta dawo. Ni kuma ban karya ba, kuma ba na son ganin abinci ya lalace. Na ɗauki kofin na kai baki.

Tsamiya ta yi yawa, wannan na fara ji. A bayanta kuma akwai ɗaci, siriri, mai maƙalewa a maƙogwaro, irin wanda duk wanda aka taɓa ɓare wa kafso yana yaro ba zai manta ba. Na ajiye kofin a hankali.

"Baba, mi ac cikin kunun ga?"

Bai dube ni ba.

"Baba, da kai nike."

"Uwata, zamna."

"Ka sani?"

"Tun ran da munka dawo."

Mako biyu ke nan ko fiye. Ina tsare ƙofa, ina faɗa da dattawan gari, abin yana wucewa ta gabana a samira ina yi masa sannu da zuwa. Na ce masa ashe bai ji abin da likita ta ce ba, ashe so yake ya mutu ya bar mu.

"Na jiya," ya ce. "Na kuma gane, ƙila ma na hi ki ganewa. Amma hannun da yag goye ni shi yam miƙo man. Ɗiyanta biyu ta rufe da ciwon ga. In ce mata mi? In ce Yaya, abin da kika ba ni shi ka kashe ni?"

Na figi mayafi. Wallahi da na isa gidan Gwaggo a wannan halin, da abin da zan faɗa har yau ana maimaita shi a Gulma. Baba ya ɗaga murya, abin da bai taɓa yi mini ba, ya ce in na taka zaure bai yafe ba. Na zauna a bakin gado ina kuka don haushi. Ya bari na yi mai isata, sannan ya ce in ta dawo in yi shiru, shi zai yi magana.

Da ta dawo ya sa ta zauna kusa da shi. Bai ambaci kunu ba.

"Yaya, kin tuna gonarmu ta bakin gulbi, shekarar da anka kawo maganin hweshin ciyawa?"

"Wadda kal lalata? Ina mantawa?"

"Na ga shina aiki, na ƙara, na ƙara. Mi yat tsira bayan nan?"

"Ba kome sai muguwar ciyawar nan mai saiwa. Shinkahwa ta ƙi, ko kwaɗo babu. Shekara biyu kana kuka."

"To haka cikina yaz zama. Likita ta ce akwai masu rai ciki, na kirki, su ka tsare ni. Kafso ya kashe su, muguwar ta samu hili. Dut wanda nis sha, ita ni ka yi ma noma."

Gwaggo ta dubi kofin da ke ƙasa, ta dube ni, ta dubi gefen zanenta. Can ta ce ita ba ta taɓa jin an ce akwai mutanen kirki cikin hanji ba, sai ta gani. Da motar da na kira don mayar da Baba asibiti ta zo, kafin kowa ya yi magana ta riga ta shige baya ta ɗora kan Baba a cinyarta. Har muka wuce Argungu muka kama hanyar Birnin Kebbi ban ce mata uffan ba.

Likita ta ji labari ba ta yi faɗa ba, ni kaɗai nake ta huci. Ta ce ciwon kan dawo ko ba a yi kuskure ba, amma wannan ya taimaka masa ƙwarai. Aka sa wa Baba ƙarin ruwa, aka ɗora shi a kan magani na tsawon makonni, wanda za a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan don mazauna su samu sararin dawowa. Kwana biyun farko ba ya iya ɗaga kai. Na ga likitar tana duba shi tana cije leɓe, ban tambaye ta ba don ba na son amsar.

A rana ta biyun na kama hannun Gwaggo na kai ta ɗakin gwaji. Ba don alheri na yi ba, so nake ta gani ta ji ciwo. Na roƙi matar nan, ta sa gilashin mai lafiya. Gwaggo ta sunkuya da ƙyar, ta rufe idon da ba shi ba, aka gyara mata. Ta daɗe. Na ga leɓenta yana motsi.

"La'ilaha illallahu. Awa ranar kasuwa. Dut wanga cikin mutum guda?"

"Ɗigo guda ne, Gwaggo," in ji matar.

Sannan ta sa na Baba. Ni ma na leƙa bayanta. Fili ne fetal, 'yan tsiraru nan da can, kusan duk iri ɗaya. Gwaggo ta ɗago, ta dafa tebur.

"Wanga gari an tashe shi," ta ce.

Na shirya maganganu tun daga Gulma, na jera su tsaf. Da na ga fuskarta ko ɗaya ban iya furtawa ba. Ta kwance gefen zanenta, ta ware goro, ta zube kafso biyar a tafin matar ta ce ta jefar mata inda ba mai tsinta.

Muka koma ɗakin da Baba yake kwance. Ta tsaya ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta daɗe tana cuɗawa. Ta durƙusa a gefen gadon, tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu, ta ɗora tafinta a kan cikinsa da ya lafe. Na zaci addu'a za ta yi masa. Sai na ji ba da shi take ba.

"Ku da kunka rage, ku yi man gahwara. Ban san kuna nan ba. Ni nar riƙe shi daga waje, ashe ku ka riƙon shi daga ciki. Ku dawo, don Allah. Ba ni ƙarawa."

Baba ya buɗe ido, ya ɗora hannunsa a kan nata. Na fita baranda, don ba na son a ga dogari yana kuka.

Sun dawo. Ba a rana ɗaya ba, sai da aka yi makonni ana lallaɓawa, ana ƙara abinci kaɗan-kaɗan, kullum ina ƙirga ƙarar buta. Ranar da aka fara dashe a gonar bakin gulbi Baba yana zaune a kan kunya da malafa, yana yi wa masu aiki faɗa sun cika tazara. Da hantsi sai ga Gwaggo tafe da samira a ka. Ta sauke, ta zuba a kofi, ba ta miƙa masa ba. Ni ta miƙo wa.

"Innarmu, ɗanɗana."

Na ce ba sai na ɗanɗana ba. Ta ce sai na yi. Haka ta riƙa yi kullum har shekara uku da ta ƙara a duniya, ko ina nan ko ba na nan sai ta samu wanda zai fara kurɓa kafin Auta. Na kurɓa. Gero ne da tsamiya daidai misali, ba komai a bayansu.